Ruwa a Tankin Gwaggo

Asabar, 3 ga Agusta

Na tayar da Gwaggo da safe kamar yadda nake yi kowace Asabar. Na yaye tamfol, na duba ruwa da baƙin mai, na murɗa mabuɗi. Ta yi tarinta na tsofaffi, sannan ta kama. Ɗana Dogo ne ya raɗa wa akori-kurar tasa wannan suna. Ya ce sai an gaishe ta, an saurari ƙorafinta, kafin ta yarda ta tashi.

Tun da ɗana ya rasu bara ban fitar da ita daga tsakar gida ba. Nakan bar ta ta yi ruri na ɗan lokaci, in tsaya gefe, in kashe. Dizal ɗin da ke cikinta shi ne wanda ya zuba da hannunsa, kuma yau allurar mai ta kusa kwantawa. Sifana, bakaniken da suka taso tare, ya gargaɗe ni cewa idan na bari ta zuƙi iska, tayar da ita zai yi wuya. Dole in ƙara mai ke nan.

Asabar, 10 ga Agusta

Na fita da ita.

Kujerar direba tana can baya inda ya bar ta, daidai da ƙafafunsa. Ni kuwa ba dogo ba ne. Na ɗauko matashi biyu daga falo na tokare bayana, duk da haka da kan yatsu nake taɓa kuloci. Maman Auta ta tsaya a ƙofar kicin tana kallona, ta ce, "Farfesa, kana tuƙi kamar mai leƙen katangar maƙwabta." Auta ta ce, "Baba, ai akwai ƙarfe a ƙarƙashi, ja kawai za ka yi." Na ce na san da ƙarfen.

An kwana ana ruwa, hanya duk kududdufai. Na shiga gidan man da ke bakin babbar hanya, aka zuba mini rabin tanki. A dawowa, sai da na tarar da kaina ina jin daɗi. Sitiyarin yana da nauyi, madubin yana rawa, komai na ƙara, amma tana tafiya da wani irin taƙama. Har na danna hon ba tare da dalili ba.

Daf da kwanar layinmu ta fara shaƙewa. Farin hayaƙi ya turnuƙe, ta yi fizga kamar mai shaƙuwa, ta mutu. Maƙwabta suka turo ni har gida, ina zaune bisa matasaina kamar wanda ake kaiwa asibiti.

Lahadi, 11 ga Agusta

Shekara guda tana lafiya a hannuna, ranar farko da na fitar da ita na kashe ta. Ban ci abincin rana ba.

Litinin, 12 ga Agusta

Sifana ya zo da akwatin kayan aikinsa. Tun daga ƙofa yake gaishe ta, "Gwaggo, wa ya taɓa ki?" Ya kwance matacin mai, ni kuma na riƙe masa kwalbar zuma da Maman Auta ta wanke mini. Abin da ya zubo ba shi da hasken dizal. Gurɓatacce ne, launinsa kamar shayin da aka ɗiga wa madara.

Na ajiye kwalbar a kan taga na hana kowa taɓawa. Kafin la'asar ta rabu biyu, mai a sama, ruwa kwance a ƙasa, da layi a tsakani kamar an ja da rula. Shekarun da na yi ina koyar da ilimin sinadarai, wannan shi ne darasin makon farko. Na kira su duka na yi musu bayani, da alama fiye da yadda suke bukata. Auta ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, zai fito a jarrabawa?"

Sifana ya ce idan aka yi sa'a ruwan bai ɓata famfon injin ba, tunda ban yi nisa ba. Amma sai an juye tankin gaba ɗaya an wanke. Na ce a dakata tukuna.

Abin mamaki, na yi barci sosai.

Talata, 13 ga Agusta

Na je gidan man da kwalbata a cikin jaka. Manajan mutum ne mai ladabi, ya ba ni kujera, ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya tambayi yaushe rabon da a zuba wa motar mai. Na faɗa masa gaskiya.

Ya ce, "To ai Yallaɓai ka ba kanka amsa. Man da ya shekara a tanki shi ya tara ruwa. Namu sabo ne."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganarsa ba shirme ba ce. Tankin da ya daɗe ba a cike ba yakan yi gumi daga ciki, na sha koyar da hakan. Sai dai ba ruwa mai yawan wannan ba, kuma ba a motar da take tashi lafiya kowane mako ba. Na faɗi haka cikin natsuwa. Ya yi murmushin da ake yi wa tsofaffi.

Na yi masa godiya na fito.

Ba man Dogo ba ne. Ina bukatar a tabbatar da wannan, ko da ba a gyara komai ba.

Alhamis, 15 ga Agusta

Ofishin hukumar da ke kula da ingancin mai yana hawa na biyu, a ƙarshen wani dogon baranda. Na shirya jawabi a raina tun daga gida. Ina shiga sai jami'ar da ke bayan tebur ta miƙe tsaye, ta ce, "Malam!" Tsohuwar ɗalibata ce. Ban gane fuskar ba sai da ta yi dariya.

Ta ɗaga kwalbar zuwa hasken taga, ta juya ta, ta dube ni ta saman tabarau, yadda ni nake yi musu a da. "Ba rana, ba wuri, ba sunan wanda ya ɗiba. Ranka ya daɗe, da ni na kawo maka wannan, da tuni ina waje." Na ce da kuwa tana waje. Muka yi dariya har masinja ya leƙo.

Sai ta yi mini bayani dalla-dalla. Samfurin tankina gauraye yake, tsoho da sabo, don haka ba zai tsaya shaida shi kaɗai ba. Ta karɓi ƙorafina, amma za a fi saurin fita bincike idan akwai wasu da suka sha mai a wurin rannan kuma suka ga abin da na gani. Kuma kowace rana da ta wuce, ana ci gaba da sayar wa mutane.

Da zan fita ta ce ta ji labarin rashin da muka yi. Na ce na gode. Ta bar shi a nan, ni ma haka.

Juma'a, 16 ga Agusta

Auta ta ɗauki hoton kwalbar ta tura wa mutanen unguwa a waya. Ban so ba. Ba ta tambaye ni ba.

Asabar, 17 ga Agusta

Gidan nan bai ga irin wannan hayaniya ba tun bara, kuma waccan ta daban ce.

Wadda ta fara zuwa ita ce Mai Burodi, mace mai ƙatuwar murya da ke rarraba burodi a shaguna da ƙaramar motarta. Ta shigo da gorar ruwa cike da dizal, ta dire a gabana, ta ce, "Baba, kai ne mai kwalba? Ga tawa." Motarta ta mutu da kaya a ciki ranar Asabar ɗin da Gwaggo ta mutu, har yau tana gareji. Bayanta sai mai askin layin baya, wanda janaretansa ya ɗauke ana tsakiyar aske wa wani kai, sai direban motar makaranta. Kowa da gorarsa.

Na jera su a baranda, na manna wa kowace takarda da rana da wuri, tunda an tuna mini aikina. Duk sun rabu biyu. Ba wanda motarsa ta shekara a ajiye a cikinsu. Na daɗe ina kallon layin nan a kowace gora.

Maman Auta ta dafa shayi, Mai Burodi ta aika aka kawo burodi. Tana cikin sha sai ta hango Gwaggo, ta ajiye kofin. "Wannan ba motar dogon yaron nan ba ce?" Auta ta gaya mata a hankali cewa ya rasu.

Ta yi masa addu'a, ta goge ido da bakin mayafi, sannan ta ba da labari. Wai wata rana motarta ta faɗa rami ana ruwan sama, ya tsaya ya ɗaura igiya ya ja ta har gareji, yana rera waƙa ta taga da wata murya da ta ce ko akuya ba za ta yarda tata ba ce. Ta ba shi kuɗi ya ƙi. Ya ce burodi yake so. Ta ba shi babba, ya tsaya a wurin ya cinye, ya tambaya ko akwai ƙaninsa.

Maman Auta ce ta fara dariya, irin wadda take riƙe ciki. Ban san lokacin da na bi ta ba. Dogo bai taɓa gaya mana ba. Ashe akwai sauran labarinsa da ban ji ba, yana yawo a gari a bakin mutane.

Litinin, 19 ga Agusta

Jami'ar ta zo gidan man da abokan aikinta, mu kuma muka tsaya gefe kamar 'yan kallo. Aka buɗe murfin tankin ƙasa. Ta shafa wa ƙarshen doguwar sandar awo wani magani mai danƙo, mai launin ƙasa, wanda ke sauya kala idan ya taɓa ruwa, aka zura har ƙasa, aka zaro. Ya fito ja wur, fiye da tsawon tafin hannuna.

Mai Burodi ta ce, "Manaja, wannan ma ya shekara ne?"

Robar bakin murfin ce ta tsage, ruwan sama ya riƙa gangarawa ciki. Babu mugunta, sakaci ne. Aka rufe famfon dizal nan take, kuma gidan man zai ɗauki nauyin gyaran kowa. Manajan ya zo har inda nake ya ce, "Yallaɓai, na yi maka magana ba tare da na duba ba. Ka yi haƙuri." Na ce ya wuce, kuma da gaske nake.

A hanyar gida na sayi lemo mai yawa. Ban san dalili ba.

Alhamis, 22 ga Agusta

An juye tankin.

Sifana ya kwanta a ƙarƙashi, ya sa baho, ya tsaya da sifana a kan noti bai murɗa ba. Ya ce, "Baba, in ɗibar maka kaɗan a kwalba ka ajiye?" Ashe ya gane tun ranar da na ce a dakata.

Na ce babu yadda za a yi a raba man Dogo da na gidan man, sun riga sun gauraya. Wannan ita ce amsar ilimi. Ya jira ɗaya amsar. Na ce ya murɗa.

Bai ɗauki lokaci ba. Na riƙe masa fitila har ya gama, ko da yake rana ce tsaka.

Asabar, 24 ga Agusta

Sabon mataci, tanki wankakke, mai mai haske kamar zuma. Sifana ya ce ni zan murɗa mabuɗi. Ta yi tari, ta yi gunaguni, ta yi shiru har gabana ya faɗi. Auta ta daki bonet ta ce, "Haba Gwaggo, baƙi na kallo." Sai ta kama.

Famfon bai lalace ba. Muryarta ce, ba abin da ya ragu.

Maman Auta ta shige ɗaki ta fito da mayafinta, ta buɗe ƙofa ta zauna a gaba. Ta ce tunda ana fita, ita ma a fita da ita. Ba ta taɓa shiga motar ba tun bara. Muka zaga unguwa, Auta da Sifana a baya suna ɗaga wa mutane hannu kamar an zaɓe su.

Asabar, 31 ga Agusta

Motar Mai Burodi sai mako mai zuwa za ta fito, don haka na yi alkawarin kai mata kaya shagunan bakin kasuwa da sassafe. Na ce ba zan karɓi komai ba. Ta ce an san abin da 'yan gidanmu suke karɓa.

Tafiya ce mai yawan tsayawa, kuma gwiwata ta dama tana damuna kwanan nan. Mutum ba zai taka birki da kan yatsu ba alhali yana ɗauke da kayan wani. Ƙarfen ƙarƙashin kujerar ya ɗan cije, sai da na sa hannu biyu, sannan kujerar ta zo gaba.

Auta ta ga matasan sun koma falo. Ta gyara musu zama.

Burodin da Mai Burodi ta ba ni babba ne. Na ci rabi a bakin hanya.