Mata Goma Sha Bakwai Da Ba A Gayyata Ba

Tambuwal, Jihar Sakkwato.

Zuwa ga jikata Rauda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Uthman da yara a can Fatakwal. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta, ni ma ina nan da nawa. Kawunki Mu'awiyya ya sake aiko da maganar in koma gidansa a Sakkwato, na maimaita masa amsar da na ba shi bara. Gaskiya ne gidan nan ya yi mini faɗi tun rasuwar kakanki, amma nawa ne.

Kin tuna kwamfutar da kika bar mini, da littafin da kika rubuta mini da hannunki na ƙa'idojin SQL, yaren yi wa kwamfuta tambaya, domin in zuba sunayen matan da na koyar a ajin yaƙi da jahilci na Kebbe da Fakku. Na kammala aikin ni kaɗai. A watan jiya na shirya walimar cikar ajin shekara arba'in. Na rubuta tambaya, na haɗa teburin ɗalibai da teburin garuruwa da JOIN, domin sunaye su fito gari-gari in aika wa kowane gari takardarsa. Tashin farko ta yi aiki, ba ta nuna kuskure ko ɗaya ba. Na ji daɗi ƙwarai, har ban ga dalilin sake ƙirga sunayen ba.

Ranar walima mata sun cika filin tsohon ajinmu a Kebbe, wasu da jikokinsu. Amma Atu ba ta zo ba. Kin san Atu, Bafulatanar nan da ta riga kowa iya rubuta sunanta, wadda ta bar rugarsu ta zauna tare da ni kwana goma lokacin da nake takaba. Matan ruga ko ɗaya ban gani ba. Ana ta jawabi ana yabona, ni kuwa idona yana bakin ƙofa har la'asar. Na dawo gida da fushi, ina cewa a raina shekara arba'in ta tashi a banza.

Sai bayan mako guda, da na zo ajiye takardun, sannan na ƙirga: suna ɗari da casa'in da bakwai. Na tambayi kwamfutar da COUNT, umarnin ƙirga, ta ce masu rai a teburin ɗalibai ɗari biyu da goma sha huɗu ne. Mata goma sha bakwai sun ɓace tsakanin tebur da takarda. Kwana uku na yi ina bincike. Na duba sharaɗin WHERE mai tace sunaye, na bi lambobin garuruwa ɗaya bayan ɗaya, ban ga komai ba. Lambar wayarki tana hannuna, na ƙi kira. Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya, ni kuwa na naɗa shi sosai. A rana ta uku na nemi ta nuna mini matan da gurbin garinsu yake babu komai. Suka fito su goma sha bakwai cif, Atu ce ta farko.

Nan na tuna gardamar da muka yi da ke. Kin ce in rubuta wa matan ruga Kebbe kawai a wuce wurin, na ce ban taɓa rubuta ƙarya a rajista ba, domin Atu da bakinta ta gaya mini garinta shi ne inda shanu suka kwana. Ashe JOIN ba ya kawo kowa sai wanda ya sami abokin haɗi a tebur na biyu. Wadda ba ta da gari, sai ya wuce ta shiru. Na buɗe littafinki, ga LEFT JOIN, wanda ba ya barin kowa a baya, a shafi na tara, har kin ja masa layi da jan biro. Kalma ɗaya na ƙara, mutanena suka dawo duka. Ba Atu ce ta ƙi zuwa ba, ni ce ban kira ta ba.

Washegari na hau mota zuwa Kebbe, daga nan babur har bayan Fakku, hanyar da kika san halinta. Na tarar rugar ta tashi, ba abin da ya rage sai duwatsun murhu da turakun shanu. A kasuwar Kebbe na sami Bashira mai sayar da gero, tsohuwar ɗalibata, ta ce sun yi kudu da garken kwana takwas da suka wuce. Ta ce Atu ta ji labarin walimar a bakin mutane, ta wanke zanenta ta zauna jiran ɗan aike, kuma da aka ce ta tafi haka nan, ta ce ba ta zuwa inda ba a kira ta ba. Duk da haka ta bar ƙwaryar man shanu a ba Malama. Ba za su dawo ba sai ruwan farko ya sauka. Shekarata saba'in da shida, Rauda, kuma Atu ta girme ni.

Na rubuta mata takarda da manyan baƙaƙe, na faɗi laifina ba tare da na jingina shi ga kwamfuta ba. Na ba wani mai fataucin shanu da ke bin wannan hanya. Ban san ko zai cim musu ba. In ta isa hannunta, ba sai an karanta mata ba, domin ni na koya mata. Gurbin garinta kuwa na bar shi yadda yake. Man shanun yana nan a rufe, ban taɓa ba, sai mun ci tare in Allah Ya nuna mana damina.

Tambayar ta gyaru, ba na neman taimako a kanta. Sai dai in kin sami sarari, ki riƙa kirana ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ba don maganar kwamfuta ba.

Ki gaishe mini da Uthman, da Ummu da ƙaninta Gazali, ki ce su dage da karatu. Allah Ya yi muku albarka, Ya sada mu da alheri.

Ni ce kakarki,
Malama Hauwa'u Ɗanmaliki.