Takalman Kawu Sun Ci Jarrabawa

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar kewa, ke da maigidanki da 'yar lelenmu. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa zaman can ya yi muku albarka. Mu nan kowa ƙalau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana hawa bene da kanta, Baba kuma yana nan da rediyonsa, yana musu da masu karanta labarai kamar suna jinsa.

Yaya, yau bakina ya ƙi rufuwa, ko mayafi ban cire ba na zauna rubuta miki. Takalman Kawu sun ci jarrabawa! Na san ba ki ma ji sun faɗi ba, don Inna ta hana a tayar miki da hankali, to bari in faro miki daga tushe.

Kin san masana'antarsa ta takalman roba na yara. Wani babban kanti ya ce zai riƙa saye, amma sai an kai samfur ɗakin gwajin da nake aiki. Da na gane kwalin daga wurin Kawu yake, na gaya wa shugabarmu cewa ƙanin mahaifiyata ne, sai ta miƙa wa abokiyar aikina. Aka yayyanka takalmin, aka jiƙa, aka sa a na'ura. Sakamakon ya fito da abin da nake tsoro: man da ake zuba wa roba don ta yi laushi a gauraye yake da wani farafin mai sinadarin kilorin, irin wanda doka ta hana. Wannan abu ba ya ruɓewa. A hankali yake fita daga jikin roba, ya bi ƙura da ruwa, ya taru a kitsen mutum, har a nonon uwa ana samunsa. Ga shi kuma yaro, komai ya riƙa sai baki.

Kawu ya zo gida rai a ɓace, ya ce shi bai san da wani farafin ba, man aka kawo masa ya saya, don haka in je in yi wa mutanenmu magana tunda ni 'yar ciki ce. Na durƙusa na ce ya yi haƙuri, na'urar nan ba ta san kawun kowa ba. Ko ruwan da na kawo bai sha ba ya miƙe. Na sha kuka ranar. Inna ba ta ce wa kowa ya yi laifi ba, ta dai raka shi bakin ƙofa, ta tambaye shi ko ba jikokinsa ne ke fara saka duk sabon takalmin da ya fito ba.

Washegari ya kashe injuna, ya aika a kwaso kayan da suka shiga kasuwa. Ma'aikata suka koma gida, ba wanda ya san ko za a sake buɗewa. Ya so ya cinna wa tulin takalman wuta, na ce hayaƙin ya fi takalmin guba, sai hukuma ta zo ta kwashe. Man farko da ya canja, takalman suka fito ƙandas, matarsa ta ce sai dai a buga ƙusa da su. Na biyun ne ya yi laushi, aka sake kawo samfur.

Yau tun kafin mu buɗe Kawu yana zaune a benci. Da abokiyar aikina ta fito ta ce masa ba a samu komai ba, Yaya, sai ya rungume maigadinmu! Sai ya ce lallai a nuna masa na'urar. Aka ba shi farar riga, ta ƙi rufe tumbinsa, ya tsaya a gabanta ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To ashe ke ce marar kunyar." Kowa ya fashe da dariya. Daga nan ya dafa kaina a gaban shugabarmu, ya ce daga yau ba durom ɗin man da zai shiga injinsa sai ya biyo ta nan. Ma'aikata za su dawo ranar Litinin.

Inna da Baba suna sa miki albarka. Gwaggo tana gaishe ki, ɗan'uwanmu kuma ya ce kin manta da shi. Ki gaida maigidanki da kyau. Kawu ya ce ki auna ƙafar 'yar lele ki aiko da sauri, don ya rantse takalmin farko da zai fito daga injin nata ne.

Taki har kullum,
Auta