Rumbun Yaya Lawwali

Asabar, 9 ga Maris, 1985

Na iso Tsamaye. Jami'a ta ba ni zuwa ƙarshen Afrilu in kai kundin digiri na biyu, ko a soke sunana. Ga ni da furfura, ina rubutu kan yadda bankuna ke rushewa, a garin da ko banki babu. Yaya Lawwali ya ɗaga akwatina, ya ji nauyi, fuskarsa ta washe. Ya ɗauka masara ce. Littattafai ne.

Laraba, 13 ga Maris

Tuwo sau ɗaya a yini, rabinsa dusa. Hajo, matar Yaya, tana jiƙa 'ya'yan anza har ɗacin ya fita. Rabin unguwa sun yi kudu. Mu muna nan saboda babban rumbun ƙasa da ke bayan gida. Tun zamanin Baba, maigida kaɗai ke buɗe shi, kuma sai ranar da aka yi ruwan shuka, don masu noma su ci su ƙoshi. Kowa ya wuce sai ya kalle shi.

Lahadi, 24 ga Maris

Babi na uku. Banki na tsaye muddin masu ajiya ba su zo rana ɗaya ba. Masana sun cika littafi guda kafin su faɗi wannan.

Talata, 2 ga Afrilu

Na zauna inuwar rumbun ina karatu, na jingina, ƙeyata ta bugi bango. Ya amsa kamar tulun da ba ruwa. Na sake ƙwanƙwasawa, sama da ƙasa. Na rufe littafin.

Laraba, 3 ga Afrilu

Na tare Yaya a hanyar gona. Bai yi musu ba. Bara dangin Inna sun ƙetaro daga Nijar, shanunsu sun mutu, ya ciyar da su a ɓoye, kaɗan kaɗan. Abin da ya saura dammunan iri ne a gindi.

Na ce gaskiya ita ce hakkin mutan gida. Na ma yi masa bayani mai tsari, irin na aji.

Ya ce, “Kalilu, in sun sani, ko su cinye irin ko su tafi. Ruwa ya zo, wa za shi shuka, kai da biro?”

Na ce in ruwan ya zo aka buɗe fa? Ya ce ranar nan mai shuka ba ya gudu.

Alhamis, 11 ga Afrilu

An binne jaririn maƙwabta. Ba wanda ya tambayi ciwon.

Juma'a, 19 ga Afrilu

Na je kasuwar Isa neman takarda. Layin masu hatsi ya koma tabarmi da mudu a kife. Na tsaya tasha ina kallon motar Sakkwato tana cika, da kundin a jaka, saura babi ɗaya. Sai na tuna rumbun yana tsagewa ta gabas, Yaya kuma idonsa ba ya gani sosai. Na dawo.

Litinin, 22 ga Afrilu

Atiku, babban ɗan Yaya, shi ne ƙarfin gidan, kuma in ya tashi ƙannensa za su bi. Ya same ni ina cuɗa laka. Rahmatu matarsa ta riga ta ɗaure kaya, cikinta ya tsufa.

“Baffa, kai ka yi boko. Abin da ke cikin wanga rumbu, shina kai mu kaka?”

Na shafe rayuwata ina koya wa ɗalibai kada su amince da bankin da ba ya nuna cikinsa.

Na ce, “Shina kaiwa.”

Ya tafi ya ce ta kwance kayan. In wani abu ya same ta, bakina ne.

Litinin, 6 ga Mayu

Afrilu ya wuce. Za ni ce wa Dokta mai duba kundina mota ce ba tabbas. Akwatin yanzu kujera ne, ya fi amfani.

Kullum ina gindin rumbun daga hantsi zuwa la'asar. Nan ne inuwa, ba wani abu ba. Ko da yake in ina wurin ba mai zuwa ya jingina.

Hadari ya taso gabas, ya watse.

Hajo ta kawo mini ruwa, ta durƙusa, ba ta dube ni ba. Ta ce, “Malam, ka dinga jingina a hankali. Jiya har ɗaki na ji shi yana amsawa.”

Na matsar da tabarma gaba kaɗan.