Hukuncin da Ya Ƙaryata Layin Farko na Kundina

Barira Yusha'u,
Ɗalibar digiri na uku a fannin shari'a,
Bukit Jalil, Kuala Lumpur.
14 ga Oktoba, 2025.

Alhaji Zahraddeen Kalilu,
Babban Sakatare,
Asusun Tallafin Karatu na Madubi.

Ranka ya daɗe,

Game da: Hana ni ƙarin zango ɗaya bayan hukuncin kotu kan bayanan jiragen gwamnati

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina gabatar da ƙorafi cikin ladabi, kuma, a gafarce ni, cikin farin ciki.

1. Shekara uku ke nan Asusunku yana ɗauke da karatuna. Layin farko na kundina cewa ya yi kotu ba ta taɓa bai wa talaka damar ganin bayanan jiragen saman gwamnatin jiharmu ba: wa aka ɗauka, ina aka nufa, don me.

2. Ranar 9 ga Satumba, kotu ta ba da umarnin a buɗe bayanan nan ga kowa. Lauyan masu ƙara ya kafa hujja da muƙalar da na wallafa bara. Don murna na kwashi 'yan ajinmu zuwa shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi na nan. Muna tsakiyar cin gurasarsu ta roti na tuna layin farkon nan. Da hannuna na rusa aikina.

3. Farfesar da ke duba kundin ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce in karanta bayanan da aka buɗe in sake babi biyu. Ta ce aikin zai ci ƙarin zango ɗaya.

4. Ranar 30 ga Satumba, Malam Fatihu, jami'inku mai kula da ɗaliban waje, ya ƙi ba ni takardar ƙarin lokaci. Ya ce ƙa'ida ta san rashin lafiya, ta san haihuwa, ba ta san hukuncin kotu ba. Ya shawarce ni in miƙa kundin yadda yake, wai masu jarrabawa a Malesiya ba su bin labaran gida. Ranka ya daɗe, ɗaya daga cikinsu ne ya fara turo mini labarin, har da taya murna.

5. Bizata za ta ƙare a Disamba, jami'a kuwa ba za ta nemi sabuntawa ba sai da takardarku. Wannan kam yana ba ni tsoro ƙwarai.

Don haka ina roƙon a soke matakin Malam Fatihu, a ba ni takardar kafin ƙarshen Nuwamba. Ba na neman a hukunta shi, mutumin kirki ne, ƙa'idar ce ba ta taɓa zaton ɗaliba za ta yi nasara tun kafin ta gama ba. Shekara uku ina rubutu don a buɗe bayanan nan. Yanzu an buɗe, kada ya zamana ni kaɗai ce aka hana karantawa.

Allah ya ƙara girma.

Taku mai biyayya,
Barira Yusha'u