Ɗorawar Ilham

Zuwa ga ƙanwata Shamsiyya,

Assalamu alaikum. Ina fatan ke da maigidanki da yara kuna lafiya a can Ibadan, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan ƙasar Anka sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da kowa.

Kin tuna kurmin bayan gari, inda aka kafa kwamiti aka hana saran ɗanyen icce? Mu mata muna tsintar kalwa mu yi daddawa, Fulani na yanka wa shanu ganye a lokacin da aka yarje musu, kowa na ci. Kin kuma tuna ɗorawar da muka dasa a bakinsa shekarar gubar dalma, bayan an binne ɗiyata Ilham. Ke kika riƙa jido mata ruwa kina mita, wai ta fi mai sunan shan ruwa. Bana ta fara 'ya'ya.

To, an sare ta ranar Laraba. 'Yan bindiga sun koma laɓewa a kurmin, a nan suka ɗauke Mujahid ɗan Makau yana dawowa daga gona. Kwamiti ya tara gari, aka ce a share bakin kurmin don mu riƙa hango mai zuwa. Kawu Sodangi, wanda shi ya kafa dokar hana saran, ya same ni a gefe ya ce, "Adama, in kinka ce a bar ta, ba mai taɓa ta." Uwar Mujahid na zaune kusa da ni. Na ce a sare.

Kada ki ce na yi ƙarfin hali. Ban ji komai ba. Na tsaya ina kallo har ta faɗi, abin da kawai ya zo mini shi ne ban tsame wake daga ruwa ba. Wannan rashin jin ya fi kuka ba ni tsoro.

An raba iccen gida-gida bisa ƙa'ida, an kawo mini kasona. Yana nan jingine a bayan ɗaki. Inna ta ce sai ya bushe zai kama wuta, kuma tun ranar ba ta bi ta wajen ba.

Ki gaishe da maigidanki Malam Hamza da ɗiyarki Mubina. Na ɗaure miki kalwar ɗorawar Ilham a ƙyalle, mai kawo goro zai ba ki. Kada ki dafa, ki tambaya ko ɗorawa na fitowa a ƙasarku.

Yayarki,
Adama