Malam, Abokin Gardamarka Ya Biyo Ka

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Malam.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah ya yalwata maka makwanci, ya sa kana cikin ni'ima. Mu nan Ƙofar 'Yandaka lafiya muke, yara da jikoki duk ƙalau. An maido ɗiyarmu Safiya aiki Katsina, tana leƙo ni kusan kullum. Ƙafar nan tawa tana nan yadda ka san ta, wata rana ta bar ni, wata rana ta tuna da ni.

Na san takarda ba ta isa inda kake. Amma tun da aka kawo ni gidan nan, duk abin da ya faru kai nake fara gaya wa, kuma wannan labari naka ne fiye da na kowa. Abokinka Kwamared ya rasu. Tunda wasu za su karanta, zan tsaya ga wannan suna da kake kiranshi da shi, saboda iyalinshi.

Ina amarya na fara ganinshi. Ya zo kan babur ranar Asabar bayan la'asar, kuka zamna a soro, na aika maku kunun tsamiya. Da aka kira magariba ka tashi ka tafi masallaci, shi ko yana zamne yana ƙarasa kununshi. Na tambaye ka ko ba shi da lafiya ne. Ka ce lafiyarshi lau, tare kuka yi makarantar koyon aikin gona, daga baya ya shiga karatun 'yan gurguzu, kuma shi a binciken da ya yi bai samu hujjar cewa akwai Allah ba. Ban taɓa sanin Bahaushe, haifaffen Katsina, zai iya buɗe baki ya faɗi haka ba. Na ce to zan ware mashi kwanonshi daban. Ka dube ni ka ce, "Baƙona ne. A kwanon da nake ci zai ci."

Daga nan Asabar ta zama tashi. Madafina bango ɗaya ne da soron, don haka ko ban so ba, duk gardamarku a kunnena take sauka.

Kai da ƙwayar gero kake farawa. Kakan ce a jefa ta rami ko ta wane gefe, saiwa ƙasa za ta nufa, tsiro ya nufi sama, to wa ya sanar da ita? Shi kuma ya ce ai ƙuduji, ciyawar nan da ke shanye geron tun daga saiwa, ita ma ba ta kuskure, ta san lokacin da za ta kama da inda za ta kama. In tsari ne shaida, to a faɗa mashi wanda ya tsara yunwar da take jawo wa talaka. Kakan ce kowane abu da aka samu wani ne ya samar da shi, kuma dole lissafin ya tsaya ga wanda ba a samar da shi ba. Ya ce in har akwai abin da zai iya kasancewa ba tare da mai yi ba, me zai hana ya zama duniyar ce da kanta, tunda ita aƙalla muna ganinta. Wani lokaci ya tsokane ka, ya ce da a wata ƙasa mai nisa aka haife ka, da da wannan zafin kake kare wani abin bautar. Ka ce shi ma da wasu littattafan ya ci karo da su yana saurayi, da wata waƙar yake rerawa. Sai in ji dariyarku a tare.

Akwai tambayar da kake ajiyewa sai ya hasala. Mutum ne da ba ya iya ganin zalunci ya yi shiru. In aka karkatar da takin manoma, yakan zo yana huci, ya yi ta faɗa har muryarshi ta dushe. Kai sai ka bari ya gama, sannan ka tambaye shi a hankali: in ba wanda ya kafa gaskiya tun asali, wannan fushin nashi a kan me ya dogara? Ya ce ba ya bukatar sama ta gaya mashi yunwa ba ta da daɗi. Ban taɓa jin ɗayanku ya ce an ka da shi ba.

Ka tuna shekarar da ɗanshi Nasiru ya rasu. Yaron da sikila aka haife shi, kuma ya sha wuya irin wadda ko babba ba zai ɗauka ba. Bayan sadakar bakwai Kwamared ya daina zuwa, sai kai ka koma bin shi gidanshi na GRA. Ranar da ya dawo soronmu, ban ji maganar gero ba. Tambaya ɗaya ya yi maka, me yaron ya yi. Na tsayar da aikina ina jiran amsarka, don na san kana da ita. Sai ka ce, "Ban sani ba." Da ka shigo na yi maka ƙorafi. Ka ce amsar da ta ishe ka tana nan, cewa hisabi ba a duniya yake ƙarewa ba, amma ba magana ce da za a miƙa wa uban da ƙasar kabarin ɗanshi ba ta bushe ba. Ka kuma gargaɗe ni kada in taɓa cewa baƙin ciki ne ya raba shi da imani, don tun kafin a haifi yaron haka yake, kuma faɗin hakan raina tunaninshi ne.

Mutane sun yi magana, ka sani. 'Yan'uwanka sun same ka a kan ka raba gari da shi. Da zamani ya juya, irin maganarshi ta zama abin da kan iya ja wa mutum rasa rai, ya daina faɗinta ko'ina sai soron nan namu. Ka ce wa yayanka in an rufe bakin mutum da tsoro, tambayar tana nan cikinshi ba a amsa ba, kuma kai ka fi son ya kawo ta inda za a saurare ta. Yanzu jikokinmu kan nuna mani irin wannan gardama a wayoyinsu. Ba na ganin komai ciki sai zagi, kowane ɓangare na neman wanda zai kunyata.

Abin da ba ka gani ba shi ne ranar jana'izarka. An gaya mani da aka yi sahu Kwamared ya koma gefe ya tsaya, hannuwanshi a baya. Wasu sun yi ta kallonshi. Amma da aka ɗaga makara ya kutsa ya sa kafaɗarshi, kuma bai yarda an karɓe shi ba har maƙabarta, da tsufanshi da komai. Matarshi Hajiya Rabi ta ce da ya koma gida ɗaki ya shiga, bai ci abinci ba sai washegari.

Na fita takaba ba da daɗewa ba ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Aka yi ta wankin ƙodar har jiki ya gaji, likitoci suka ce a maida shi gida. Hajiya Rabi, wadda ka san ba ta wasa da salla da azumi, ta shiga tashin hankali. 'Ya'yan suka riƙa kawo malamai. Wani ya yi nasiha mai taushi, wani ya zo da labarin wuta da azabar kabari. Duk wanda ya zo, Kwamared yakan gaishe shi da ladabi, sannan ya juya fuska bango. Wata rana Hajiya Rabi ta zo har gida ta same ni. Ta ce ya ce in dai ana son ya yi wannan magana da wani, a kira mashi matar Malam, don ya san duk abin da aka faɗa a soro na ji.

Na ji tsoro, Malam. Ni malamar firamare ce, ban yi karatunku ba. Amma na tafi, kuma Asabar na zaɓa.

Na same shi ya rame, sai idanun nan. Hajiya Rabi na zamne bakin gado, ni kan kujera kusa da ƙofa. Na fara da ƙwayar gero. Ban kai ƙarshe ba ya ɗaga hannu, ya ce ba haka kake kawo ta ba, na bar wurin da ya fi ƙarfi. Sai ya karɓi hujjarka ya shimfiɗa ta tun daga farko, da irin tsayawar da kake yi, har da gyaran muryarka. Wallahi ya faɗe ta fiye da yadda na taɓa jin ka faɗe ta. Da ya gama sai ya kawo tashi amsar ya rushe, ya dube ni yana jira. Na ce ni kam ban da abin cewa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Haka muka riƙa yi. Ni in ɗauko, shi ya gyara mani, sannan ya musa. Hajiya Rabi tun tana jin haushi har ta fara sa baki. A ranakun ne kawai yake yarda ya sha kunu da ɗan yawa.

Wata Asabar bai bari na fara ba. Ya tambaye ni ko ka ji tsoro da lokacinka ya zo. Na yi niyyar in ce a'a, don ina ganin wannan ma hujja ce. Amma na tuna kai ba ka taɓa cin gardama da ƙari ba. Na gaya mashi gaskiya, cewa ka ji tsoro, ka riƙe hannuna da ƙarfi kana tambayar ko Allah zai karɓi ɗan abin da ka yi, daga baya kuma natsuwa ta sauko maka, ka yi ta maimaita kalmar shahada har ka yi shiru. Sannan ya ce, "Hajiya, ba abin da nake so kamar a ce Malam yana wani wuri, Nasiru yana wani wuri. Yawan son da nake yi ne ma ya sa nake tuhumar kaina. Kada in yarda don kawai ina so."

Na ce mashi ni ban iya raba son da yardar ba. Na ce tunda ka tafi, in na ɗora goshina ƙasa, ina jin akwai mai saurarena, kuma ba ni da hanyar da zan ciro wannan in ajiye gabanshi ya duba. Ya ce ya sani, kuma bai taɓa ɗaukar ka ko ni maƙaryata ba. Shi dai ya saurara iyakar ƙoƙarinshi bai ji ba. Na ce ya ƙara saurarawa. Ya ce to, ai yanzu ba shi da wani aikin.

Ranar da zai cika, da hantsi Hajiya Rabi ta kira ni. Na tarar numfashin ya canza. Babban ɗansu na tsaye gefe. Ita ta sunkuya kusa da kunnenshi tana faɗin kalmar shahada a hankali, ba ta ce ya faɗa ba, faɗi kawai take. Can sai leɓɓanshi suka motsa. Suka sake motsawa. Daga nan ya tafi, ba wani fizge-fizge.

Nan take ta ce ya faɗa, ta ji da kunnenta. Ɗan ya fita tsakar gida yana kuka, ya ce shi gani yake ruwa ya nema. Kafin azahar magana ta fara yawo a ƙofar gida, don wasu cikin dangi sun san halinshi, kuma akwai masu cewa ba za a sallace shi ba. Limamin unguwar, dattijo ne mai sanyin hali, ya ce a tambayo wanda ke wurin da ba matarshi ba, ba ɗanshi ba. Ni kenan.

Liman ya tsaya bayan labule ya yi sallama, ya ce in faɗi abin da na gani don Allah. Hajiya Rabi na riƙe da gefen mayafina. Kalma ɗaya ce za ta kwantar mata da hankali har ƙarshen rayuwarta, kuma na so in ba ta. Amma shaida aka nema. Na ce ana faɗin kalmar shahada a kunnenshi, na ga bakinshi ya motsa, ban ji abin da ya fito ba. Liman ya ce wannan ya wadatar, ba a ba mu ikon tsaga zuciyar kowa ba, a shirya shi. Aka yi mashi wanka, aka sallace shi, aka kai shi. Wasu sun janye daga sahu, amma waɗanda suka tsaya sun fi yawa.

Hajiya Rabi ta ɗan yi fushi da ni. Sai ranar sadakar uku ta jawo ni ɗaki, ta ce da na ce na ji, da ba za ta taɓa sanin ko don tausayinta na faɗa ba. Yanzu kusan kullum muna waya. Ita tana nan a kan ta ji, kuma ban taɓa musa mata ba.

Ni dai ban sani ba, Malam. Wani lokaci in na idar da salla sai in ga bakin nan nashi yana motsi, in yi ta ƙoƙarin karanta shi, ba na iyawa. Na tambayi liman yadda zan yi mashi addu'a, ya ce in miƙa lamarin ga wanda ya ji abin da ban ji ba. Haka nake yi.

Ya Allah, kai ka san abin da bawanka ya faɗa a ƙarshe, ka san kuma abin da ya kasa faɗa. Ka san bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, bai kuma yi maka ƙaryar imanin da bai ji ba. In akwai ko ƙanƙanin haske da ya shiga zuciyarshi kafin numfashi ya yanke, ka karɓa, ka yalwata shi, rahamarka ta fi saninmu faɗi. Ka jiƙan mijina, ka gafarta mashi, ka saka mashi da alheri a kan haƙurin da ya yi da abokinshi. Ka jiƙan Nasiru. Ka ba Hajiya Rabi dangana. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani, a ji shi a bakinmu sarai, kada mu bar na bayanmu cikin kokwanto. Amin.

Ka huta lafiya, Malam, sai na iso.

Matarka,
Hajiya Binta,
Ƙofar 'Yandaka, Katsina.