Gamba a Tsakiyar Gonar Baba

Litinin, 10 ga Fabrairu, 2025

Yau ma guruf ɗin WhatsApp na garinmu bai huta ba. Don sanarwar ɗaurin aure da rasuwa aka buɗe shi, ƴan kirifto, masu cinikin kuɗin intanet, sun mai da shi kasuwa. Daga "ta fashe" sai "ta kusa fashewa". Basiru mai cajin waya shi ne limaminsu, ƙanena Munir kuma ladani. Kuɗin da ba ka jin nauyinsa a aljihu, sai hoton layi ja da kore a fuskar waya. Malam Tahir ya ce akwai shubuha a ciki, Basiru ya turo bidiyon wani malamin da ya ce babu. Ni dai ina karantawa ina dariya.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Ashe a gidanmu dariyar za ta ƙare. Munir ya sayar da gyaɗar gayaunarsa kaf, har da ta iri, ya zuba a waya. Gayauna tasa ce, na sani. Baba ne ya yanka masa ita tun yana raye, abin da ta bayar nasa ne, ba na gandu ba. Amma iri fa? Zuciya ta ɗebe ni, na danna saƙon murya a guruf. Na ce duk wanda ya sayar da iri ya sayi iska, a taimaka a nema masa magani. Ban kama suna ba, amma kowa ya gane.

Aka yi ta turo fuskokin dariya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Munir bai fito cin tuwo ba. Tun muna yara kwano ɗaya muke ci.

Lahadi, 9 ga Maris

Bayan buɗa-baki Munir ya same ni a ɗakin Inna. Ko zama bai yi ba. "Yaya, ruwa na sauka zan dasa gamba a tsakiyar gonar Baba, ta zama iyaka. Kowa ya noma nasa." Na ce duk a kan magana ɗaya? Ya ce ba maganar ba ce, wurin da na faɗe ta ne, har surukansa na cikin guruf ɗin. Carbin Inna ya tsaya.

Na ji tsoro, gaskiya. Gonar nan ita kaɗai muka mallaka, kuma a garin nan babu ko taku ɗaya da ba shi da mai shi. In aka raba ta, shanun huɗa ma ba za su sami wurin juyawa ba. Duk takin da muka yi shekaru muna kai mata a kan jaki tare muka kai. Tunda Baba ya rasu mutane ke cewa gandunmu ba zai daɗe ba, ni kuma ina bugun ƙirji.

Abin da ke kwantar min da hankali shi ne waken nan. Da kaka na sayar da rarar geron gandu na sayi wake na ajiye. Bazara na yi zai tashi, in sayi takin zamani, in biya huɗa. Idan Munir ya ga yadda ake juya dukiyar da ake iya taɓawa, zai sauko.

Laraba, 9 ga Afrilu

Kasuwar ƴan kirifto ta faɗi, ta yi ja jawur. Guruf ya koma gidan makoki, daga nan kuma ya koma kotu. Basiru ya ce laifin hukuma ne da take takura wa masu saye da sayarwa. Malam Tahir ya ce da akwai doka mai ƙarfi da ba a wawushe yara haka ba. Wani ya ce a yi haƙuri, mai riƙewa shi ke ci. Ni ma na tsoma baki, na rubuta cewa gwamnati ta sa hannu ta rufe abin gaba ɗaya kowa ya huta.

Matata Ramlat ta ce Khaulat, matar Munir, ta faɗa mata ko abinci ba ya ci sosai. Na zaci zan ji daɗi. Ban ji ba.

Asabar, 26 ga Afrilu

A makon nan na leƙa kasuwar Zakirai da samfurin wake a leda. Dillalin ya faɗi farashi, na ce ya maimaita. Ƙasa da yadda na saya da kaka! A bazara! Tun da nake ban taɓa ganin haka ba. Ya ce, "Malam, kowa ya ajiye bana, ga shi an ce ana ta shigo da abinci. Ka riƙe ko Allah zai sa ya motsa."

Na dawo na kwance buhu ɗaya, ƙwari sun fara shiga.

Talata, 13 ga Mayu

Da na yi shiru. Na rubuta a guruf cewa gwamnati ta cire hannunta daga kasuwar hatsi, ta bar manomi ya ci guminsa. Ko minti biyar ba a yi ba Basiru ya lalubo tsohon saƙona ya liƙa a ƙasa. "Yaya Abdulƙadir, wancan watan a sa hannu, wannan watan a cire? Kai ma naka ja ya yi, bambancin kawai naka har da ƙwari." Fuskokin dariyar nan dai, su ne suka dawo.

Sai ga Munir, bayan wata uku bai yi tari a wurin ba: "Basiru, waken gidanmu ne. Ka bar maganar."

Gidanmu ya ce. Na karanta ya fi a ƙirga.

Laraba, 14 ga Mayu

Ba ɗaya ba ne dai. Wake ko ya faɗi ana dafa shi a ci. Na faɗa wa Ramlat haka, ta ce, "Haka ne. Shi dai nasa ya zuba. Kai da za ka sayi waken ka shawarce shi?" Na ce ni ne babba. Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗenta. Matar nan wani lokacin "to" ɗinta ya fi zagi ciwo.

Lahadi, 25 ga Mayu

Na ga saiwar gamba a jingine bayan ɗakin Munir, an yayyafa mata ruwa. Da gaske yake ke nan.

Da la'asar na buɗe rumbu, na ɗebi gyaɗar iri ta gandu cikin ƙwarya, na ajiye a ƙofarsa. Ba wani abu ba ne, haka Baba ke yi wa duk wanda irinsa ya gaza. Khaulat ta dawo da ƙwaryar a wanke, babu saƙo.

Litinin, 2 ga Yuni

Ruwa ya sauka jiya, mai yawa, ƙasa ta sha har ta ƙoshi. Na yi sammako da sungumi da ƙwaryar gero, ina tunanin yadda mutum ɗaya zai sara rami kuma ya dawo ya zuba iri. Na tarar da Munir a bakin gona, gambar na gefensa a ɗaure.

Muka gaisa. Ya dubi sungumin, na dube shi. Tun rasuwar Baba ni ke gaba ina sara, shi yana bina da iri. Ban san dalili ba, sai na miƙa masa. Ya karɓa, ya fara daga kan iyakar gabas, ya bi ta tsakiyar gonar ya wuce bai tsaya ba. Ina biye ina zubawa ina rufewa da ƙafa. Layinsa ya ɗan karkace, na bar shi.

Can wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Na ce, "Ja ko kore?" Ya ce, "Ja, Yaya." Na ce wakenmu ma. Ya ce kada mu sayar duka, mu fitar da mai ƙwarin, sauran mu jira bayan Sallah. Na ce zan duba. Gobe zan kai mai ƙwarin kasuwa.

Gambar kuwa, da za mu tashi ya ce akwai inda ruwa ke cin iyakarmu ta yamma. Can muka dasa ta.

Har yanzu ban yarda da kuɗin waya ba. Na dai ce wa Ramlat ta zuba tuwon dare a babban kwano.